Yadda Ake Haɗa Janareta da Wutar Gida Ba Tare da Ganganci Ba

Janareta bai san inda katangar gidanka ta tsaya ba. Muddin ya samu hanya, wutar da yake bayarwa za ta bi waya duk inda waya ta nufa: ta shiga ɗakuna, ta koma baya ta mita, ta hau layin kamfanin lantarki, har ta isa taransfoma. Duk aikin haɗa janareta da gida a kan toshe wannan hanyar yake. Wutar kamfani da ta janareta kada su taɓa haɗuwa a waya ɗaya, kuma abin da zai raba su dole ya zama ƙarfen da aka ƙera don wannan aiki. Dogaro da tunanin mai gida a cikin duhu bai isa ba.

Abin da waya mai kai biyu ke jawowa

Akwai dabarar da ta yaɗu saboda sauƙinta: a samo waya a ɗaura mata filogi a kowane baki, a soka ɗaya a janareta, ɗaya a soket ɗin bango. Fitilu su kama, fanka ta juya, a ɗauka aiki ya yi kyau.

Ga abin da ido ba ya gani. Aikin taransfoma shi ne sauke wuta mai ƙarfi, misali bolt 11,000, zuwa 230 ɗin da ake amfani da ita a gida. Amma taransfoma ba ta da gaba ba ta da baya. Idan aka ba ta 230 ta ƙasa, sai ta ɗaga ta zuwa dubbai ta sama. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau falwaya yana gyara ya riga ya sakankance cewa wayar a mace take. Wutar janaretanka ce za ta same shi a can. Haka ma wanda ya tarar da wayar da iska ta tsinke ta faɗo ƙasa. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), idan ya ratsa ta ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya.

A gidanka ma ba ka tsira ba. Janaretan zai yi ta ƙoƙarin ciyar da duk gidajen da ke kan layin, ya yi nishi, kwayil ɗinsa ya ɗauki zafi. Idan kuma aka dawo da wuta yana cikin aiki, wutar biyu za su yi karo, domin kowace tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya ba tare da takunsu ya zo ɗaya ba. Wutar kamfani ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sakamakon shi ne ƙonewar kwayil, fashewar kayan wuta, wani lokaci gobara. Ita kanta wayar tarko ce: da zarar an soka baki ɗaya a janareta mai aiki, haƙoran ɗaya bakin da ke tsirara suna ɗauke da wuta, kuma hannu ne ke riƙe da su.

Masu wannan dabara sukan ce suna kashe babbar bureka kafin su tada inji. Sau ɗari za a tuna, ranar da aka manta ita ce ranar. Wata rana mai gidan ba ya nan, yaro ko baƙo ne ya tada injin. Ban da haka, wasu burekokin wayar wuta kaɗai suke yankewa, su bar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a haɗe da layin waje. Shi ya sa ƙa'idojin aikin lantarki a ƙasashe da yawa suka haramta wannan haɗi.

Hanyoyin da suke daidai

Mafi sauƙi ita ce a ƙi taɓa wayarin gida gaba ɗaya. A ja doguwar waya mai kauri, mai haƙori uku, daga janareta kai tsaye zuwa firji, fitila da fanka. Ga ƙaramin inji da bai wuce wat 2,000 ba, wannan ta wadatar. A warware wayar duka daga naɗinta, domin waya a nannaɗe tana tara zafi har robarta ta narke.

Wanda yake so fitilun silin da soket-soket ɗin gida su yi aiki, makunnin sauya layi yake buƙata, wanda masu aikin wuta ke kira canjoba. Yana da matsayi uku: I na wutar kamfani, 0 na tsakiya inda komai yake a kashe, II na janareta. An ƙera cikinsa yadda sai ya saki layi ɗaya kafin ya kama ɗayan, ko da mai juya shi bai san komai game da lantarki ba. Nan ne duk amfaninsa yake.

Akwai mai sarrafa kansa, da ake kira ATS. Shi ke lura an ɗauke wuta, ya tada injin, ya jira wutar ta daidaita, ya sauya layi, ya kuma mayar idan wutar kamfani ta dawo ta zauna. Sai da janareta mai tashi da batir yake aiki, kuma ya fi dacewa da injin da aka girke wuri ɗaya. A Amurka kuma an saba da wani falle na ƙarfe da ake ɗaurawa a fuskar akwatin bureka, wanda ke hana a kunna burekar janareta sai an kashe babba. Yana aiki, amma sai wanda aka ƙera wa irin wannan akwatin takamaimai. Bureka biyu da aka jera gefe da gefe, babu abin da ya kulle su da juna, ba canjoba ba ne, komai kyan rubutun da aka manna a kansu.

Bayanin da ke tafe a kan canjoba na hannu yake, a gida mai layi ɗaya na bolt 230. Aikin cikin akwatin wuta na ƙwararren ma'aikacin lantarki ne mai lasisi. Amfanin sanin matakan shi ne ka san abin da za ka saya, abin da za ka tambaya, da abin da ba za ka yarda a yi maka ba.

Lissafin kaya kafin sayen komai

Ɗauki takarda ka zagaya gida. Kowane kayan wuta yana da ƙaramar takarda ko rubutu a bayansa da ke nuna wat ɗin da yake ci. Idan amfiya aka rubuta, ninka ta da bolt: amfiya 2 a kan bolt 230 wat 460 ke nan.

Kayan da ke da mota a ciki, wato inji mai juyawa, irin firji, firiza, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, suna da ci biyu. A daƙiƙar farko ta tashi suna jan ninki uku zuwa biyar na abin da suke ci idan sun zauna. Wannan jan na farko ne yake durƙusar da janareta.

Ga misali. Kwan fitila na LED guda 10, wat 100. Fanka 4, wat 300. Talabijin da abin da ke tare da ita, 150. Kwamfuta da cajoji, 150. Firji, 200. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, kusan 1,100. Jimla 2,000. Sai a duba motar da ta fi girma, wato injin ruwa: idan yana jan kamar 3,000 a tashi, ƙarin 1,900 ke nan a kan cinsa na kullum. Saboda haka ana buƙatar injin da zai iya ɗaukar 3,900 na ɗan lokaci, ya kuma riƙe 2,000 cikin kwanciyar hankali.

A nan mutane ke ruɗewa da lambar da ke jikin inji. Da yawa ana rubuta su da kVA, wanda ba daidai yake da kilowat ba. Idan allon injin ya nuna 0.8, to kVA 5 na nufin wat 4,000 ne kawai. Kuma sau da yawa lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin tanki ta ɗan lokaci ce. Wadda injin zai iya riƙewa awa da awanni tana kan ƙaramin allon ƙarfe a gefe, kuma ta fi ƙanƙanta. Da ita ake lissafi. Kada aikin yau da kullum ya wuce kashi 80 cikin ɗari nata. Injin dizal kuma yana da matsalar akasin haka: idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, man ba ya ƙonewa sarai, sai ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana tsatsafowa ta salansa.

Dutsen guga, hitar ruwa, butar lantarki da murhun lantarki kowanne na iya cin wat 1,000 zuwa 3,000 shi kaɗai. Hanya mafi tsafta ita ce a ware ƙaramin akwatin bureka na dabam ga layukan da ake so janareta ya ɗauka, a bar masu cin wuta a babban akwati, yadda ko an kunna su ba za su samu wutar inji ba. Ya fi a yi ta faɗa da mutanen gida a kan guga.

Kayan aiki da girmansu

Canjoba ana zaɓar shi da girman wutar gida, ba da girman janareta ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi. Idan babbar burekar gida ta amfiya 63 ce, canjoba ma kada ya gaza 63, domin mafi yawan lokaci wutar kamfani ce ke ratsa shi. Ya zama mai yanke waya biyu, wuta da nutural. A gida mai layi uku, mai yanke huɗu.

Janareta mai kVA 5 a kan bolt 230 yana ba da kusan amfiya 22. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 4 ta dace da shi, da bureka ta amfiya 25 mai yanke waya biyu. Amma nisa yana canza lissafi, domin wuta tana raguwa a hanya. Waya mai 2.5 tana zubar da kusan milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita, mai 4 tana zubar da 11, mai 6 kuma 7.3. A nisan mita 25 da amfiya 22, mai 2.5 za ta cinye kusan bolt 10 tana kuma ɗaukar zafi, mai 4 za ta cinye 6, mai 6 kuma 4. Idan nisan ya haura mita 30, a hau zuwa mai 6. Araha ba ta ado a wajen waya: akwai wadda aka yi wa fentin jan ƙarfe alhali cikinta alminiyam ne. Kankare bakinta da wuƙa. Idan ya fito fari, a ajiye ta.

A jikin bangon waje ana ɗaura mashigar wuta ta musamman, mai haƙora a ɓoye cikin murfi, irin shuɗiyar nan ta amfiya 32 mai jure feshin ruwa. Hikimar ita ce haƙoran suna ɓangaren gida, inda canjoba ya raba su da wutar kamfani, bakin wayar da ke ɗauke da wutar inji kuma ramuka ne da yatsa ba ya shiga.

Sauran su ne na'urar RCD ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara yoyo zuwa ƙasa ko jikin mutum. Sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a haɗa shi da wayar ƙasa ta gida, da maƙalarta. Ƙaramar fitilar da za ta nuna dawowar wutar kamfani, da fis nata. Da na'urar ƙararrawar hayaƙi mai batir.

Inda injin zai zauna

Hayaƙin janareta ya fi wutarsa kisa. Yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana maƙale wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ƙaramin janareta ɗaya na iya fitar da wannan iska kwatankwacin ta ɗaruruwan motoci. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu.

Inji a waje yake zama, a sarari, aƙalla mita 6 daga ƙofa, taga da duk wata kafar iska, bakin salansa yana kallon nesa da gida, kuma ba ya kallon tagar maƙwabci. Gareji, baranda mai rufi, ƙarƙashin matakalar bene, lungu tsakanin gini biyu, duk ba wurinsa ba ne, ko da an buɗe ƙofofi an kunna fanka. Tsoron ɓarawo ne yakan sa a shigo da shi ciki da dare. Maganin wannan sarƙa ce da kejin ƙarfe mai buɗaɗɗen gefe.

A ɗora shi a kan daɓen siminti da ya ɗan tashi daga ƙasa, inda ruwa ba ya kwanciya, da rumfa a sama, gefuna a buɗe, da tazarar mita ɗaya ta kowane ɓangare. A sa ƙararrawa kusa da ɗakunan kwana. Idan ta yi kuka, ko mutum biyu a gida suka fara ciwon kai lokaci guda inji yana aiki, kowa ya fita waje, a kashe injin, a nufi asibiti, a kuma faɗa musu hayaƙin janareta ne.

Haɗawa

Gurbin canjoba yana bayan mita da babban makunnin gida, kafin akwatin bureka. Mita da hatiminta na kamfanin lantarki ne, ba a taɓa su. A tuna cewa ko an kashe babban makunni, wayoyin da ke shigo masa daga mita suna nan da wuta. Idan babu makunnin da zai raba mita da wurin aiki, kamfanin ne zai zo ya yanke.

A kashe, a kulle ko a manna gargaɗi, sannan a tabbatar wayar ta mutu. Tabbatarwa tana da mataki uku: a gwada na'urar awo a inda aka san akwai wuta, a auna wayoyin da za a taɓa, kowace da kowace, sannan a sake gwada na'urar a inda akwai wuta. Tasta mai ƙaramar fitila a gindi ba abin dogaro ba ce. Tana iya yin shiru a kan waya mai wuta.

Canjoba yana da bakuna kashi uku. Wuta da nutural daga babban makunni su shiga bakin I. Wuta da nutural daga mashigar janareta, bayan sun ratsa bureka da RCD, su shiga bakin II. Bakin fita ya tafi akwatin bureka. Wayar ƙasa ba ta bi ta cikin makunni ko kaɗan. A haɗe take koyaushe, daga jikin janareta zuwa matattarar wayoyin ƙasa ta gida, har da akwatin canjoba idan na ƙarfe ne.

A sabon tsarin launi, ruwan ƙasa ce wuta, shuɗiya nutural, kore da rawaya ta ƙasa. A tsohon tsari ja ce wuta, baƙa nutural. A Amurka kuwa baƙa wuta ce, fara nutural. Baƙar waya ke nan tana iya zama ko wanne, don haka awo ake bi, ba launi ba.

Waya mai silli-silli a matse mata kan ƙarfe kafin a sa ta ƙarƙashin noti, kada a yanke wasu sillayen don ta shiga rami. A ɗaure tam, a ja ta da hannu a gani. Sako-sakon ɗauri shi ne tushen yawancin ƙonewar canjoba: wurin yana zafi, zafin yana ƙara sassauta shi, har roba ta yi baƙi. Bayan makonni kaɗan na aiki, a kashe komai a sake bin notunan.

Nutural da wayar ƙasa

Nan ne ko masu aikin suke tuntuɓe, kuma kuskuren ba ya nuna kansa sai ranar da wani ya taɓa firji ya ji ta kama shi.

Ƙa'idar ita ce: a kowane lokaci, nutural da wayar ƙasa su haɗu a wuri ɗaya tak. Janareta iri biyu ne. Akwai wanda aka haɗa nutural ɗinsa da ƙarfen jikinsa tun daga masana'anta, akwai wanda aka bar nutural ɗin a sake. Ana ganewa daga littafinsa, ko a kashe injin, a cire komai daga jikinsa, a auna da na'ura tsakanin ramin nutural da ƙarfen jiki. Idan ta yi ƙara, a haɗe suke.

Idan canjoba yana yanke nutural, kamar yadda aka bayyana a sama, to da an juya zuwa II gidan ya rabu da tsarin kamfani gaba ɗaya. Dole a samu wannan haɗin a ɓangaren janareta, tsakanin injin da RCD. Idan babu shi, komai zai kama kamar lafiya lau, amma RCD ba za ta ga laifin farko ba, domin wutar da ta taɓa jikin firji ba ta da hanyar komawa. Idan kuwa canjoba ba ya yanke nutural, kuma gidan yana da haɗinsa, to janaretan ya zama mai sakakken nutural. Haɗi biyu yana sa wuta ta riƙa bin wayar ƙasa da jikin inji, RCD kuma ta yi ta faɗuwa da an ɗora kaya.

Kada a yi wannan haɗin da ka. Wasu ƙananan injina an haɗa tsakiyar kwayil ɗinsu da jiki, yadda kowace waya ke ɗauke da rabin wutar. Haɗa nutural da ƙasa a irin wannan inji shot ne kai tsaye, wato wuta ta samu gajeriyar hanyar komawa ba tare da ta ratsa kaya ba. Irinsu na doguwar waya ne kawai, ba na haɗawa da gida ba.

Me ya sa RCD ta zama dole alhali akwai bureka? Bureka tana faɗuwa nan take ne idan wuta mai yawan gaske ta ratsa ta, ninki uku zuwa goma na lambarta gwargwadon irinta. Layin kamfani yana iya ba da wannan. Ƙaramin janareta ba ya iyawa. Wutarsa durƙushewa take yi, bureka tana tsaye, waya tana dahuwa.

Gida ya kasance da sandar ƙasa tasa, domin lokacin da aka ɗauke wuta ba a da tabbacin layin kamfani bai tsinke ba. Sanda mai rufin jan ƙarfe, tsawon mita 1.2 zuwa 2.4, a kafa ta inda ƙasa ke riƙe danshi, nesa da bututun ruwa da wayoyin da aka binne, a haɗa da waya mai kaurin milimita murabba'i 10 ko 16. A auna ta da om, ma'aunin yadda take hana wuta wucewa zuwa ƙasa. Ƙa'idar Ingila tana ganin abin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne. Ta Amurka ta ce idan sanda ɗaya ba ta sauko zuwa om 25 ba a ƙara ta biyu. Ƙasa mai yashi ko tsakuwa takan buƙaci fiye da ɗaya.

Gidan da ke da sola mai tura wuta zuwa layi yana da ƙarin magana: inbata irin wannan za ta ɗauki janareta a matsayin layin kamfani ta tura masa wuta, ta lalata shi. A ajiye ta ɓangaren I, sai dai idan an ƙera ta da mashigar janareta.

Gwaji da tsarin kullum

Kafin a ba da wuta, komai a kashe, a auna tsakanin bakin I da bakin II a duk matsayi uku. Kada a samu haɗi ko sau ɗaya. Sannan da wutar kamfani a kunne, a auna haƙoran mashigar waje: sifili ake nema. A tada inji, a auna bolt 220 zuwa 240 da bugu, wato kaiwa da komowar wuta a daƙiƙa, kusa da 50, a tabbatar wuta da nutural ba su juya ba, a danna maɓallin gwajin RCD a ga ta faɗi.

Wannan jerin a rubuta shi a manna kusa da canjoba:

1. Kashe manyan kaya, ka mai da canjoba 0.
2. Duba baƙin mai da man da ke tanki, ka soka waya a mashiga da jikin janareta tun yana kashe.
3. Tada inji, burekarsa a kashe, ka bar shi minti biyu zuwa uku.
4. Kunna burekarsa, ka juya canjoba zuwa II.
5. Ɗora kaya ɗaya bayan ɗaya, mai babbar mota da farko.

Kashewa kuma a bi ta baya: a sauke kaya, canjoba ya koma 0, injin ya yi minti biyu ba kaya ya huce, sannan a kashe shi. Idan wutar kamfani ta dawo, a ɗan dakata a ga ta zauna. Firji da na'urar sanyaya ɗaki a ba su minti uku zuwa biyar tsakanin kashewa da kunnawa, domin kwamfuresa ba ta iya tashi a kan matsin da bai sauka ba.

Ba a zuba mai inji yana aiki ko yana da zafi. A kashe, a jira kamar minti 15. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma salansa mai zafi ta isa ta kunna shi. Da tocila ake dubawa.

Idan wani abu ya ƙi

Fitilu suna haske suna dushewa, injin yana hawa yana sauka: yawanci kafireta ce ta toshe da tsohon fetur, wanda ke yin danƙo idan ya kwana watanni. Ƙaramin inji yana juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da bugu 50, ko 3,600 don 60, saboda haka duk rawar da ya yi sai ta bayyana a wuta. Kada a taɓa notin gudu don ƙara haske; bugun ne zai kauce.

Injin yana aiki amma babu wuta: a duba burekarsa, sannan burushi da na'urar daidaita wuta, AVR. Wanda ya saba mutuwa da kaya a kansa saboda ƙarewar mai, ko ya daɗe a ajiye, yakan rasa ɗan maganaɗisun da yake farawa da shi, sai mai gyara ya farfaɗo da shi.

Kwan fitila suna fashewa, cajoji suna ƙonewa: wuta ta yi yawa, AVR ta lalace. A gida mai layi uku kuma a fara zargin nutural. Idan ta saki, wasu ɗakuna na iya samun abin da ya kusa bolt 400. A kashe nan take. A tuna ma cewa inji mai layi uku na kVA 15 kVA 5 kawai yake ba kowane layi, don haka a raba kaya daidai.

Warin roba ko ɗumi a murfin canjoba sako-sakon noti ne ko waya ta yi ƙanƙanta. RCD mai yawan faɗuwa kuma ba a cire ta. A kashe duk burekoki, a riƙa kunna su ɗaya-ɗaya har a gano layin da ke yoyo.

Sabon inji a canza masa baƙin mai bayan kamar awa 20 na farko, daga nan kowace awa 50 zuwa 100 gwargwadon abin da littafinsa ya ce. Sau ɗaya a wata, ko akwai wuta, a tada shi a juya canjoba zuwa II, a bar shi da kaya minti 20 zuwa 30, a danna maɓallin RCD da na ƙararrawar hayaƙi, a kuma duba maƙalar sandar ƙasa ko tsatsa ta fara cin ta.